Gaisuwar Kakata da Na Yanke

Jama'a na samo ta! Wallahi na samo ta, tana nan da ranta a Bawku, kuma ta yafe! Da sauri nake rubuta wannan, in kun ga kuskure ku yi haƙuri. Masu cewa Haidar ya tafi Gana yawon kontent ya ɓata, to ga ni na dawo. Na rame, na yi baƙi, wayata fayau babu komai a ciki sai bidiyo biyu. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Kakata ta wajen uba, Hajiya Asabe, 'yar Salaga ce ta ƙasar Gana. Kakanmu fataucin goro yake yi, ya auro ta daga can ya kawo ta Kano, ta baro ƙanwarta guda ɗaya mai suna Ladi. Da can kaset suke aika wa juna ta hannun direbobin goro. Sai mahaifiyarsu ta rasu a Salaga, Hajiya ba ta je ba, saboda lokacin kakanmu yana kwance tana jinyarsa. Da ya samu sauƙi kuma kunya ta hana ta, wai da wane ido za ta kalli Ladi. Tun daga nan kaset ɗin Ladi bai sake zuwa ba. Sama da shekara talatin kenan.

Bana Hajiya ta kwanta, ciwon zuciya, ƙafafu sun kumbura. Ranar da na dawo hutun makaranta ta kira ni.

"Maigida," haka take ce min, "kai da ba ka da aiki sai ɗaga waya sama kana magana kai kaɗai kamar mai aljanu, ka yi min amfani sau ɗaya mana. Ka je ka nemo min Ladi. Ba na so in kwanta dama da fushinta a kaina."

Na ce an gama, uwargida. A raina kuwa har na raɗa wa shirin suna, ina lissafin folowas.

Na saita waya na ɗauki saƙonta. Minti ashirin da shida! Gaisuwa kawai ta ci kusan ashirin. Ina Ladi, ina mai gidanki, ina wance, ina wane, ina gidan su wane na bakin rijiya, ga tari, ga shiru, ga gyaran mayafi. Na zuba shi a laftof na yi masa aiki irin namu: na cire gaisuwar, na cire tarin, na bar daidai wajen da ta ce "ki yafe ni" da hawaye a idonta, na sa wani sanyin kiɗa a ƙasa. Sakan hamsin cif. Shi na tura a wayata na tafi da shi. Ni a ganina gata na yi mata.

Abin da nake da shi na neman Ladi hoto ne guda ɗaya. Tun ba a haife ni ba, Kawu Sani ya taɓa zuwa Salaga da irin kyamarar nan ta kafaɗa mai kama da akwatin gawa, ya ɗauko kaset na awa uku. Awa uku, jama'a, ba yanka ko ɗaya. Akuya ta wuce, ya bi ta. Mota ta lalace, ya tsaya a kanta har aka gyara. Mun sha yi masa dariya a gida. A cikin wannan kaset ɗin Ladi ta fito tana dariya, na ɗauki hoton talabijin ɗin da wayata. Dishi-dishi, amma ana ganin wushiryarta.

Ba zan dame ku da boda-boda ba, wannan labarin wata rana ne. Zango na farko, Salaga.

Ina sauka a tasha da sandar ɗaukar hoto a hannu, wani gaye mai jar hula da tabarau ya tare ni.

"Cale, abokina, ka zo lafiya? Kai mai bidiyo ne, ko? Ni ne Darakta. Duk mai waya da ya zo garin nan, ni ke kai shi."

Kuma ba ƙarya, ya san aiki. Ya kai ni tsofaffin rijiyoyin garin, ya nuna min inda zan tsaya rana ta haska fuskata, ya ce nan ake yin shiru a sunkuyar da kai, nan kuma ake juyowa a ce wayyo tarihi. Har ya san sakan nawa mutane ke kallo kafin su wuce. Na ce kai, wannan ɗan gari ne. Na nuna masa hoton Ladi. Ko sakan biyu bai kalla ba.

"Mma Ladi? Na san shi! Gidanshi yana baya nan."

Haka da yawansu ke magana a can, mace ma "shi" ce, kwana biyu na saba. Ya kai ni wani gida, ga wata tsohuwa tana ɓare gyaɗa. Ya yi mata magana da Gwanjanci, yaren garin, ta kalle ni ta washe baki. Na ce ke ce Ladi? Ta ce eh. Ƙanwar Asabe? Eh. Ta Kano? Eh. Wallahi da na ce mata ke ce shugabar ƙasa, eh za ta ce. Amma ni a lokacin kaina ya riga ya ɗau zafi. Na rungume ta, na ɗauka, na sa kiɗa, na rubuta NA SAMO TA da manyan baƙaƙe, na saki. Darakta ya karɓi na goro ya ce zai je ya dawo.

Ko minti goma ba a yi ba ƙanwata Ummi ta kira.

"Yaya, kai wane irin mutum ne? Na kai wa Hajiya wayar da gudu, ta tashi zaune da ƙyar, ta kalla ta kalla, ta ce wannan ba Ladi ba ce. Ta juya ta fuskanci bango."

Na kalli tsohuwar nan, haƙoranta a jere reras, babu wushirya ko ta magani. An wanke ni tas. Darakta kuwa ko ƙurarsa. Na goge abin da na saka, amma ai an riga an gani, 'yan ajinmu har sun fara yi min sitika.

Washegari da safe na zauna wajen wata mai koko da ƙosai a bakin zango, unguwar Hausawan garin, ko sha'awar ɗaga waya ba na yi. Matar ta lura. Ta ƙara min ƙosai biyu ba tare da na tambaya ba, ta ce, "Ɗana, wa ya mutu?" Na ba ta labari, na miƙa mata hoton. Ita ta daɗe tana kallo. Ta kira wata maƙociyarta, su biyu suka haɗa kai a kan sikirin.

"Ladi na gidan Malam Garba ne wannan. Ya bar garin nan tun tuni, ya bi mijinshi Yendi. In ka je ka tambayi Alhaji Yakubu mai bidiyo. Duk wanda ya yi biki a Yendi yana cikin ɗakinshi."

Na ce in ɗauke ta in gode mata a shafina. Ta ce a'a, in dai sha kokona kafin ya huce.

Zango na biyu, Yendi. Hanyar Bimbila ta girgiza min ƙashi har na daina jin bayana. Na isa da zazzaɓi a jikina.

Shagon Alhaji Yakubu a gefen kasuwa yake. Gaba rigunan waya ne da caja, yana kuma tura wa mutane finafinai a memori. Na shiga da saurina na ce, "Baba sannu, wai kai ne mai bidiyo?" Dattijon ya kalle ni ta saman gilashi.

"Daga ina?"

"Kano."

"A Kanon an daina gaisuwa ne?"

Na koma waje na sake shigowa da sallama, na durƙusa yadda na ga Dagwamba, mutanen garin, suna yi, yana jero gaisuwa ina amsa "naa, naa" har gwiwata ta fara ciwo. Sannan ya yi dariya ya ce in zauna. Da na ambaci Kawu Sani sai ya buga cinya.

"Sani dogo! Mai kyamarar haya! Ai a nan batirinshi ya mutu, ni na ba shi nawa. Batirin mota muke ɗauka a kai, ɗana. Mutum ɗaya kyamara, mutum ɗaya batiri, mutum ɗaya fitila. In mun shiga gari, sai an yi shara an yi wanka kafin mu kunna. Yau kai ka zo da naka a aljihu kamar goro."

Ya buɗe wata ƙofa a bayan shagon. Jama'a, kaset ne tun daga ƙasa har rufi, kowanne da rubutun hannu a gefe, wasu da boko wasu da ajami. Bayan su faya-fayan sidi a buhu. Ya ce mijin Ladi ya rasu da daɗewa, amma shi ya ɗauki bikin 'yarta, kuma ya tuna Bawku aka kai amarya, uwar ta bi ta daga baya. Gidan wa? Sai an duba kaset.

Kwana huɗu muna dubawa. A cikinsu biyu ina kwance a kan tabarma a shagon, zazzaɓi yana kaɗa ni. Matarsa ta dinga aiko min da tuwon zafi da miyar ayoyo, tana cewa a faɗa wa Bakano ya cinye, ba a mayar mata da kwano da saura. A nan kewar gida ta kama ni sosai. Ina jin kiran sallar azahar da wata irin murya da ba tamu ba, sai na tuna ɗumamen Hajiya, na juya na share ido kada Alhaji ya gani. Ya gani. Sai ya ƙara min fanka.

Na'urarsa sai an mare ta a gefe take kamawa. Muka kalli bukukuwan mutanen da ban sani ba, sunaye, saukar karatu, tafiyar alhazai. Abin da ya ba ni mamaki, mutane suna shigowa sayen caja, sai su tsaya cak. Wata mata ta ga babanta da ya rasu yana raba goro a wani ɗaurin aure, ta ajiye kwandonta ta zauna a ƙasa, ba ta tashi ba sai da ya fita daga hoton. Ni kuwa a lokacin babban yatsana sai motsi yake, yana neman inda zai danna a wuce gaba.

Rana ta huɗu muka samu. Ga Ladi da wushiryarta tana riƙe da hannun amarya, ga sanƙira yana faɗin sunan ango da na gidansu: Seidu, gidan masu albasa a Bawku. Da Alhaji ya yanke wannan dogon surutun na sanƙira, da shi kenan.

Kafin in tafi ya ce, "Yayar tashi ta ba ka saƙo?"

Na ce sosai ma, na kunna masa sakan hamsin ɗina ina jiran yabo. Ya kalla. Ya juya wayar baya kamar wani abu zai faɗo.

"Ina sauran?"

"Baba, ai gaisuwa ce kawai, na cire. Yanzu ba mai kallon dogon abu. In ka wuce minti ɗaya an gudu."

"Mutum nawa za su kalli wannan?"

"Ita kaɗai."

"To ina za ta gudu ta je?"

Na yi dariya na ce Baba an wuce wannan zamanin. Ya ɗaga kafaɗa, ya sa min caja sabuwa a jaka, ya ce Allah ya kiyaye hanya, in gaida Sani dogo.

Zango na uku, Bawku. Motar da na samu ta kaya ce da mutane, ni da buhunan masara da wata tunkiya da ta ƙi jinina. Mun yi faci sau biyu kafin Gushegu. A gangaren dutsen Nakpanduri na leƙa na ga ƙasa shimfiɗe har iya gani, na ɗauki wani shot da na rantse shi ne mafi kyau a rayuwata. Da muka kusa gari, shingayen jami'an tsaro suka yi yawa, wani dattijo a gefena ya dafa hannuna ya ce, "Sa wayar a aljihu, ɗana. Nan ba a ɗaga ta barkatai." Na sa.

Kasuwar albasa ba ta ɓuya, hanci ne ke kai ka. Na tambayi Alhaji Seidu, aka nuna min wani kakkauran mutum a kan buhu. Wannan karon na yi gaisuwa har da rara. Da ya ji daga inda na fito, ya tashi tsaye ya riƙe kaina da hannu biyu.

"Jikan Mma Asabe? Na Kano? Kai! Tsohuwa yana gida. Mu je, mu je."

Tana zaune a tsakar gida a kan kujera 'yar tsugunno tana tsince shinkafa. Ba sai an faɗa min ba. Hancin Hajiya ne, goshin Hajiya ne, har yadda take karkata kai. Ta yi murmushi, ga wushirya.

Hausarta irin ta Hajiya ce tsaf, ta tsofaffin gidajen Salaga. Ta ce, "Wannan ai mijin Yaya ne. Ita ta rasa wanda za ta aura sai wannan siririn? Ba ta ba ka abinci ne?" Aka yi dariya, aka kawo ruwa, 'yarta ta fito, jikoki suka cika gidan. Na ce a raina an gama, saura in ɗauki hawaye.

Na ce, "Inna, Hajiya ta ba ni saƙo." Ta goge hannu a zani, ta gyara ɗaurin kallabi, ta karɓi wayar da hannu biyu.

Kiɗa ya tashi. Fuskar Hajiya ta fito, kai tsaye: "Ladi, ki yafe ni." Sakan hamsin, ya ƙare.

Inna Ladi ta ci gaba da kallon sikirin ɗin da ya yi baƙi. Can ta ce, "Shi kenan?"

Na ce eh.

"Shekara talatin da wani abu. Ko sallama babu." Muryarta ba ta ɗaga ba, wannan ya fi ba ni tsoro. "Ba ta tambayi maigidana Malam ba, balle a ce mata ya rasu ta yi min gaisuwa. Ba ta tambayi 'ya'yana ba. Ba ta ambaci Innarmu ba. Sai ki yafe ni, da kiɗa, kamar mai tallan magani. Ashe Yaya ta zama 'yar birni haka." Ta miƙo min wayar. "Ka ci abinci, kai baƙo ne, ba ruwanka. Amma ba ni da amsa."

Ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Jama'a, na taɓa faɗuwa jarrabawa, ban ji abin da na ji ba a wannan tsakar gidan. Na bi ta bakin ƙofa ina rantsuwa cewa ni na yanke, Hajiya ta yi gaisuwa har ta gaji. Daga ciki ta ce, "Yaro mai hankali, kana kare kakarka. Allah ya yi maka albarka." Wato ba ta yarda ba. Na ce to bari in kira Kano su yi magana baki da baki. Ta ce wanda bai gaishe ta a saƙo ba, ba za ta ɗaga masa waya ba.

Alhaji Seidu ya ja ni gefe. Ya ce gobe da hantsi za a kai ta Pusiga, jikarta ta haihu, kuma in ta je sai an yi arba'in. In ina da wata dabara, yau ce.

Na kira Ummi. Kafin in yi magana ta ce an kwantar da Hajiya a asibiti tun jiya, numfashi yana yi mata wuya, kuma duk wanda ya shigo sai ta tambaya ko Maigida ya kira. Na ce Ummi ki tashi ki je gida yanzu, ki buɗe laftof ɗina, akwai fayil mai suna Hajiya danye, ki turo min shi yadda yake.

"Meye fasuwod?"

Na yi kamar ban ji ba.

"Yaya, meye fasuwod?"

Na faɗa mata. Sunan wata 'yar ajinmu ne. Har yau ban huta ba, amma wannan ba shi ne a gabanmu ba.

Fayil ya taso, waya ta ce babu wuri. Wayata irin ta 'yan gayu ce da ba ta cin memori, ta Alhaji Seidu kuwa rakani-masai ce. Na buɗe ma'ajiyar hotuna. Sati uku na aiki: boda, rijiyoyin Salaga, ɗakin kaset, tunkiya, gangaren Nakpanduri. Ban saki ko ɗaya ba tun abin kunyar Salaga, ina tara su in dawo in yi shiri mai kashi goma. Na fara goge ƙanana ina lallaɓawa. Babu wuri. Na goge rijiyoyi. Babu wuri. Kuma ko ya sauka, ina zan sa amsarta in ta yarda ta bayar? Na kalli Nakpanduri sau ɗaya na ƙarshe, na zaɓi duka, na danna.

Netwok ɗin unguwar kuma kamar ana ɗiga shi da cokali. Alhaji Seidu ya kai ni shagon wani abokinsa mai cajin waya kusa da dogon ƙarfen sabis, mutumin ya ba ni benci da soket, ya ce kada in motsa daga nan, nan ne kaɗai yake kamawa. Tun bayan azahar nake zaune ina kallon layin nan yana tafiya kamar hawainiya. Ya kai rabi ya tsinke. Na sake. Masu zuwa karɓar waya suka ji labari, suka tsaya, aka zama 'yan kallo. Wani yana cewa ɗaga ta sama, wani yana cewa a'a kada ka taɓa. Wani Bakusashe, ɗan ƙabilar yankin, da ko Hausa bai cika ji ba ya sayo min ruwan sanyi. Da ya cika, bayan la'asar sakaliya, shagon nan aka sa ihu kamar an ci ƙwallo.

Na samu Inna Ladi tana haɗa kayan tafiya. Na jingina wayar a jikin turmi, na kunna, na koma gefe na zauna a kan hannayena.

Hajiya ta fito, tana gyara mayafi, tana tambayata ko ya fara ɗauka. Ta yi tari. Sannan ta ce, "Salamu alaikum. Ladi, ina wuni?"

Inna Ladi tana riƙe da zani a hannu, ta ba wayar baya. Sai na ji a hankali ta ce, "Wa alaikumus salam. Lafiya lau, Yaya."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina Malam?"

Ta juyo. Ta zauna a ƙasa a gaban turmin. "Malam ya riga mu, Yaya. Shekara goma sha wani abu."

Haka suka yi ta yi. Ashe shirun nan da na yanke, wanda na ɗauka tsufa ne, Hajiya wuri take bar mata ta amsa, yadda suka saba tun zamanin kaset. Duk sunan da Hajiya ta kira, Inna Ladi ta ba ta labarinsa: wannan ya rasu, wannan tana Kumasi, wannan ya yi jika. Da Hajiya ta zo kan mahaifiyarsu, ta kasa, ta yi shiru ya fi minti guda tana murza carbi. A laftof na ga wannan wurin na ce ɓata lokaci ne. A tsakar gidan nan babu wanda ya yi ko tari. Inna Ladi ta sa hannu ta shafa sikirin ɗin.

Da aka zo wajen "ki yafe ni", ba ta bari ta ƙarasa ba. "Haba Yaya. Haba Yaya. Ya isa."

Ta share fuska da bakin zani, ta juyo kaina. "Kai, mijin Yaya. Kunna naka. In ka taɓa shi kafin in ce na gama, sai na karya yatsan nan."

Minti arba'in da ɗaya ta yi. Ta gaida duk wanda ta sani a Kano, har da waɗanda na san sun mutu tun ina firamare, ban gyara mata ba. Ta ce ta yi fushi, fushi na gaske, shekaru. Da ya huce kuma direbobin da ta sani sun daina zuwa, ba ta san ta inda za ta aika ba, ita ma kunya ta kama ta. Kaza ta hau turmin, na bar ta. Hannuna ya yi tsami a ƙarƙashina, ban motsa ba. A can ƙarshe ta ce, "Na yafe miki duniya da lahira, ni ma ki yafe ni. Kuma ki ci abinci, na ga kin rame. Na gama." Sannan na danna.

Ban jira netwok ya kai shi ba, na ga abin da ya yi min. Washegari ita ta nufi Pusiga, ni na kamo hanyar gida da wayar a cikin aljihun ciki, hannuna a kai har Kano.

An sallamo Hajiya kwana ɗaya kafin in iso. Na same ta a jingine da filo uku. Na kunna mata, na zauna a bakin gado. Ita ma haka ta dinga amsawa, ɗaya bayan ɗaya, muryarta ƙasa-ƙasa. Da aka zo ƙarshe ta rufe ido ta daɗe, har Ummi ta tsorata ta taɓa ta. Ta buɗe ta ce, "A ɗumama min tuwo." Ranar ta ci abincin da ta yi sati biyu ba ta ci irinsa ba.

Jiya muka haɗa su a waya, ido da ido, ta wayar mijin mai jego. Datata ta ƙare ba su gama gaisuwa ba, na sake sawa. Daga nan suka koma musu a kan wa ya fi tsufa a fuska. Likita dai ya ce a ci gaba da lallaɓawa, ciwon yana nan. Amma yanzu Hajiya tana zancen wai in ta ji ƙarfi bayan sallah, sai na raka ta Bawku. Na ce uwargida da wace ƙafar? Ta ce da tawa.

Shirin kashi goma babu shi, kada ku jira. Bidiyo biyun nan kuma ba zan saka su ba, ba naku ba ne, na mutum biyu ne. Wannan rubutun shi ne abin da zan iya ba ku. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa wani, musamman wanda yake da tsoho a gida da ke kewar ɗan'uwansa a wata ƙasa. Ku tura, don Allah.